Roy Francis da tambayar da nake yi wa garinmu: ina tsofaffin 'yan wasanmu suka shiga?

1/ Jama'a, yau zaren mai ɗan tsawo ne, a yi haƙuri da ni. Maganar wani mutum zan yi wanda yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, a wasan da ba ma bugawa a Nasarawa Burkullu. Sunansa Roy Francis, wasansa zari-ruga. Amma a gida zan sauka. 🧵

2/ Ga ra'ayina tun daga farko: duk garin da ɗan wasansa zai tsufa ya koma gefe bai koyar da kowa ba, garin ya yi asara biyu. Ya rasa ɗan wasa, ya rasa malami. Mu kuwa wannan asarar mun saba da ita har ba ma ƙirga ta cikin asara.

3/ Zari-ruga iri biyu ne. Akwai na mutum 15 a kowane ɓangare, akwai na mutum 13. Na 13 ɗin shi ne namu a yau. Ƙwallon kamar ƙwai take, a hannu ake ɗauka a ruga da ita, a dire ta bayan layin abokan karawa. Su kuma aikinsu su kama ka su kayar.

4/ Asalin rabuwar kuɗi ne. Ranar 29 ga Agusta, 1895, ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield suka ɓalle daga hukumar zari-ruga ta ƙasar. 'Yan wasansu leburori ne, masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙu.

5/ Lebura in ya bar aiki ranar Asabar don ya buga wasa, ladan ranar ya tafi. Ƙungiyoyin arewa suka ce a biya shi abin da ya rasa. Manyan kudu, masu hali, suka ce wasa ba a haɗa shi da kuɗi. Mai ƙoshi ke faɗin haka. Sai talakawan suka kafa nasu.

6/ Duk ɗan Bukkuyum ko Anka zai gane wannan rigimar ba sai an yi masa tafinta ba. Yaron da ke fita gona ko ramin zinare, in ka ce ya zo atisaye, abincin ranar ka ce ya bari. Ku riƙe wannan maganar, za ta yi mana amfani a gaba.

7/ An haifi Roy Francis a 1919 a yankin Wales na Birtaniya, ya tashi a Brynmawr, garin kwal da ƙarfe da rashin aikin yi ya durƙusar a shekarun 1930. Baƙar fata ne a garin farare. Gudu gare shi kamar barewa, a gefe yake wasa.

8/ A wancan zamanin Wales ba ta saka baƙar fata a tawagarta ta mutum 15, sai a shekarun 1980 aka fara. Don haka a 1936, yana ɗan shekara 17, ya tattara ya tafi arewacin Ingila ya shiga ƙungiyar Wigan ta masu 13. Ci-rani ya tafi, kamar yaranmu.

9/ A 1939 aka sayar da shi ga Barrow. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya shiga soja ya zama saje mai horar da sojoji motsa jiki. Can ya koyi yadda ake gina jikin mutum da yadda ake tafiyar da gungun samari. A lokacin ya riƙa buga wa Dewsbury wasa na aro.

10/ A 1946 Birtaniya ta haɗa tawaga zuwa Ostireliya. Francis na cikin fitattun 'yan gefe na lokacin, amma aka tsallake shi. Ostireliya tana da dokar hana waɗanda ba farare ba shiga ƙasar su zauna, kuma masu tarihin wasan da dama nan suke ɗora dalilin.

11/ A Disamban 1947 aka kira shi ya buga wa Birtaniya wasa da New Zealand a Bradford. Shi ne baƙar fata na farko da ya saka wannan rigar. Ya dire ƙwallo sau biyu, suka ci wasan. Ba a sake kiransa ba. Sau ɗaya tak, shi ke nan.

12/ Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce Allah sarki, an zalunci bawan Allah, mu wuce. Da yawa daga cikin namu a daidai nan nasu labarin ke tsayawa: "Wane ya iya ƙwallo, rashin uwa a gindin murhu ne ya hana shi zuwa ko'ina." Shi bai tsaya nan ba.

13/ Bayan ɗan zama a Warrington, ya koma Hull a 1949. Tun yana bugawa aka ba shi horar da ƙungiyar, ya haɗa biyun har ya rataye takalmi a ƙarshen 1955. Ana lissafa shi a matsayin baƙar fata na farko da ya zama kocin ƙwararru a manyan wasannin Birtaniya.

14/ Ku auna abin da kyau. Ingila ce ta shekarun 1950, inda baƙar fata ke neman ɗakin haya a rufe masa ƙofa. A nan ne wani baƙi yake busa usur, ƙartin Turawa ma'aikatan tashar jiragen ruwa suna rugawa, yana cewa wane ka shiga, wane ka zauna benci.

15/ Kuma ya kawo kofi. Hull ta zama zakaran ƙasa a 1956, ta doke Halifax 10 da 9. Ta sake a 1958, ta doke Workington Town 20 da 3. Ya kai su wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Wembley a 1959 da 1960, duka biyun aka cinye su. Haka wasa yake.

16/ Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda yake aikin. Na farko: yana ɗaukar wasanni da kyamarar fim, ya zaunar da 'yan wasa su kalli kansu. Tun ba a san wannan a matsayin aikin koci ba. Mutum zai yi gardama da bakinka, amma ba zai yi da hotonsa ba.

17/ Na biyu: ƙartin gaba, waɗanda a da aikinsu ture da karo ne kawai, ya sa su atisayen gudu irin na 'yan tsere, ya koya musu miƙa ƙwallo. Ƙato ya zama mai gudu da dabara. Abin da ya koya a soja ne ya juyo da shi fili.

18/ Na uku, wanda ya fi taɓa ni: ya jawo iyalan 'yan wasa cikin harkar, har ana tanadar wa matansu mota zuwa kallon wasan waje. Ya gane cewa wanda hankalinsa ke gida ba zai yi wasa da kyau ba. Ɗan wasa mutum ne mai gida da matsala, kafin ya zama lamba a riga.

19/ A 1963 ya koma Leeds, ya gina sabuwar tawaga da matasa. A 1968 suka ci kofin ƙalubale a Wembley, 11 da 10 a kan Wakefield Trinity, a filin da ruwan sama ya mayar kamar fadama. Don Fox na Wakefield ya ɓarar da bugu mai sauƙi a daƙiƙar ƙarshe.

20/ A 1969 ƙasar da aka ƙi tafiya da shi a 1946 ita ta neme shi. North Sydney ta Ostireliya ta ɗauke shi koci. Zaman bai yi daɗi ba, ya sha baƙar magana saboda launin fatarsa, kofi bai samu ba. Bayan kaka biyu ya dawo Ingila.

21/ Ya sake horar da Hull, ya sake horar da Leeds ya ci musu wani kofin a 1975, ya ƙare da Bradford Northern a 1977. Ya rasu a 1989. Sai a 2023 garinsu Brynmawr ya kafa mutum-mutuminsa. Su ma can sun iya manta nasu, ba mu kaɗai ba ne.

22/ To ga inda maganata take. Cikin yaran da ya raina a Hull akwai Johnny Whiteley. Shi ya gaje shi a horar da Hull, kuma shi ne kocin Birtaniya da ya je Ostireliya a 1970 ya ci jerin wasanninsu. Har yau Turawan Ingila ba su sake cin wannan jerin ba.

23/ A zamaninsa kuma Hull ta ɗauki wani yaro baƙar fata ɗan Wales, Clive Sullivan, a 1961. A 1972 Sullivan ne kyaftin ɗin Birtaniya da ya ɗaga kofin duniya a Faransa. Mutumin da aka ba riga sau ɗaya, ga abin da ya fito daga hannunsa.

24/ Ƙafar ɗan wasa shekara goma ko sha biyar take aiki. Abin da ke kansa yana iya aiki shekara talatin, ya wuce zuwa kan wani, wanin ma ya miƙa. Francis ya fi shekara ashirin yana horarwa. Rabin rayuwarsa na biyu ya fi na farko albarka.

25/ Yanzu mu dawo gida. Kowace unguwa a Nasarawa Burkullu, Gummi, Bukkuyum ko Anka tana da wanda a zamaninsa in ya riƙe ƙwallo fili ke kaurewa da ihu. Yau ina yake? Yana kabu-kabu, ko tireda, ko ci-rani a Legas. Yara na wasa bayan gidansu, ba wanda ya neme shi.

26/ Mu mun iya yabon gwani. Ɗan'anace ya yi wa Shago waƙa, shi ya sa har yau wanda bai taɓa ganin damben Shago ba ya san sunansa. Amma waƙa suna take adanawa. Yadda ake tsayuwa, yadda ake kare fuska, yadda ake karanta abokin karo, wannan sai almajiri.

27/ Abin mamaki, a sauran sana'o'inmu mun san wannan sarai. Maƙeri ba ya tsufa sai da yaro a gindin zuga-zugi. Mahauci na da yaransa. A makarantar allo gardi ke biya wa ƙolo. A ƙwallo ne kawai muka ɗauka yaro zai iya da kansa, kamar ciyawar damina.

28/ Dubi yadda muke gasa. Zaɓe na matsowa, wani mai neman kujera ya sayo riguna da kofi, a yi sati biyu ana bugawa, a ɗauki hoto, a watse. An kashe kuɗi a kan riga, alkalin wasa, lasifika da maroƙa. Mutumin da ya tara yaran shekara guda yana koya musu, ko sisi.

29/ Kuma a yankinmu wannan ba maganar nishaɗi kaɗai ba ce. Mun ga 2010, lokacin da gubar dalma daga sarrafa zinare ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Bagega da Yargalma. Mun ga abin da daji ya koma bayan nan. Ba sai na faɗa ba.

30/ Yaro ɗan 14 zuwa 20 a wajenmu, masu kiransa suna da yawa. Rami na kira, masu ƙwaya na kira, 'yan bangar siyasa na kira, na daji ma na kira. Tambayar ita ce: akwai babba mai mutunci da zai kira sunansa kullum bayan la'asar, ya lura in bai zo ba?

31/ Na san wani zai ce, Malam, ana maganar tsaro kana maganar ƙwallo. Gaskiya ne, usur ba ya korar ɗan bindiga, kuma akwai ƙauyukan da fita fili ma haɗari ne. Tsaro aikin hukuma ne. Amma a inda ake iya taruwa, yaro talatin a hannun koci ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

32/ Wani kuma zai ce ba kowane gwani ne ya iya koyarwa ba. Wannan ma haka ne. Thierry Henry ya karɓi Monaco a Oktoban 2018, zuwa Janairun 2019 an sallame shi. Mourinho kuwa bai yi suna a buga ƙwallo ba. Iya yi daban, iya koyarwa daban.

33/ Wannan hujjar ma tawa ce. Francis bai zama koci don ya iya gudu ba, sai don ya koyi horarwa a soja ya ƙara da nazari. Stephen Keshi ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya ɗaga yana koci a 2013, amma sai da ya yi kwas ya kuma yi aiki a Togo da Mali.

34/ Ke nan tsohon ɗan wasa ɗanyen kaya ne, sai an sarrafa. Ga abin da nake ganin za mu iya ba tare da jiran Abuja ba. Ɗaya: duk mai shirya gasa ya sa sharaɗi, kowace ƙungiya ta zo da koci mai suna a takarda, kuma a ware masa kasonsa a cikin kyauta.

35/ Biyu: ƙananan hukumomin Bukkuyum, Gummi da Anka kowace ta riƙa tura mutum biyu ko uku kwas ɗin horarwa duk shekara. Akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas, akwai kwasa-kwasan lasisi na hukumar ƙwallon ƙafa. Kuɗin bai kai na gangamin siyasa ɗaya ba.

36/ Uku: in sun dawo a haɗa su da makarantun firamare da sakandare, kowane da filinsa da ranakunsa, da ɗan alawus da ke zuwa kan lokaci. Wanda ba a biya ba zai daure wata uku, ranar da yaronsa ya kwanta ciwo zai koma kan babur, kuma ba mai ganin laifinsa.

37/ Huɗu: darasin 1895. A girmama lokacin neman abincin yara. Kada a sa atisaye ranar kasuwa ko tsakiyar girbi. In za a tafi wasa wani gari, a biya mota da abinci. Wanda ya ce yaron talaka ya yi wasa don sha'awa kawai, yana nufin ɗan mai kuɗi kaɗai zai yi.

38/ Biyar: darasin iyali. Koci ya taka ya je gidan yaro, ya gaida mahaifi, ya faɗi inda ake atisaye da lokacin tashi, a tashi kafin magariba. Iyaye da yawa ba ƙwallon suke ƙi ba, rashin sanin hannun wa ɗansu yake shi ke damunsu. Kuma suna da gaskiya.

39/ Shida: wayar da kake karanta wannan zaren da ita ta fi kyamarar Francis nesa ba kusa ba. A ba yaro ɗaya ya hau katanga ya ɗauki wasan, da dare a zauna a kalla. Mun iya ɗaukar bidiyon faɗan da ya ɓarke bayan wasa, to mu ɗauki wasan kansa mana.

40/ Gargaɗi ɗaya. Koci daban, dillali daban. Duk wanda ya zo yana karɓar kuɗin iyaye wai zai kai yaro gwaji Turai, a bincike shi da kyau kafin a sayar da akuya ko gona. Kocin kirki ana gane shi da yaran da suka gyaru a hannunsa, ko da ba wanda ya hau jirgi.

41/ Ga masu tambaya ko zari-rugar ma ana yi a Najeriya: ana yi. Tawagarmu ta masu 13 ta ci gasar Gabas ta Tsakiya da Afirka a Legas a 2019. A Kano akwai ƙungiyar Barewa ta masu 15. Martin Offiah, ɗan asalin Najeriya, yana cikin gwanaye biyar da aka yi wa mutum-mutumi a Wembley.

42/ Kuma wallahi in ka ga ƙirar samarinmu masu kokawa da dambe bayan kaka, ka san jikin wasan akwai shi a nan. Amma ko zari-ruga, ko ƙwallon ƙafa, ko kokawa, ko langa, buƙatar ɗaya ce: babba da ya san abin, ya tsaya a fili, ya dawo gobe.

43/ Ku kuma yayyenmu da kuka yi zamani, magana ta ƙarshe taku ce, cikin girmamawa. An tsallake ku, mun sani. Wasu an yi muku alƙawari an saɓa. Francis ma an yi masa. Kada haushin waɗanda suka hana ku ya sa ku hana yaran da ba su yi muku komai ba.

44/ Ba sai an ba ka ofis ba. Usur ɗaya, ƙwallo biyu, yara goma sha biyar, filin makaranta. Mu kuma da ba mu iya ba, namu shi ne mu sayi ƙwallon, mu sa hannu a aljihu duk wata, mu kira shi koci a gaban yaranmu don su san darajarsa.

45/ Kowa ya tuna gwanin unguwarsu na da. In yana raye kuma yana kusa, a je a same shi wannan satin a tambaye shi ko zai karɓi yara, a kuma faɗa masa abin da za a riƙa ba shi. Allah Ya zaunar mana da Zamfara lafiya, Ya shirya mana zuri'a.